Yaushe aka fara jadawalin waƙoƙi na Top 40 a Holan?

Malam, ka tambayi asalin Top 40 ɗin Holan da dalilin da ya sa kake ganin waƙoƙi biyu daban-daban a matsayin lamba ɗaya a sati guda. To an fara shi ne 2 ga Janairu 1965 a gidan rediyon Veronica, wanda a lokacin daga cikin jirgin ruwa yake watsa shiri a teku saboda ba shi da lasisi, da aka rufe shi a 1974 sai wata gidauniya ta karɓi jadawalin, yanzu gidan rediyon Qmusic ke saka shi tun 2019. Inda mutane ke rikicewa kuwa, akwai wani jadawalin daban mai suna Single Top 100, shi ciniki da sauraro ta intanet yake ƙirgawa, Top 40 kuma har da yawan saka waƙa a rediyo, shi ya sa lamba ɗayansu kan bambanta. In bincike kake, tuntuɓi ma'ajiyar sauti da bidiyo ta Beeld en Geluid da ke garin Hilversum a Holan.