Gyambon baki mai yawan dawowa: me ke kawo shi, mene ne maganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kusan kowane wata sai wani ɗan gyambo fari ya fito mini a cikin leɓe ko gefen harshe, yana raɗaɗi har ya hana ni cin abinci. Na sha antibayotik sau da yawa amma bai daina dawowa ba. Me ke kawo shi, kuma zan iya shafa wa 'ya'yana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bisa yadda kika siffanta shi, wannan shi ne gyambon baki da aka fi gani: ɗan zagayayye ne, tsakiyarsa fara ko rawaya, gefensa ja, faɗinsa bai kai santimita 1 ba, kuma yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da ya bar tabo ba. Ki kwantar da hankalinki, ba a ɗaukarsa, ko da kun sha ruwa a kofi ɗaya da yaran. Wanda ake ɗauka shi ne ƙurji mai ruwa da ke fitowa a kan leɓe ta waje, galibi lokacin zazzaɓi, wanda ƙwayar bairos ke haddasawa.

Antibayotik ɗin nan ki daina shan sa, domin ba ƙwayar bakteriya ce ta kawo gyambon ba. Abin da ke faruwa shi ne, mutum ya sha kafso na kwana biyar, gyambon ya warke saboda dama lokacinsa ya yi, sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki.

Sau da yawa ɗan rauni ne mafarinsa, kamar cizon kunci garin tauna, ko haƙorin da ya gutsure yana gogar harshe, ko buroshi mai ƙarfi. Damuwa da rashin barci suna tayar da shi, kuma yana bin jinin gida. Amma tunda naki wata-wata yake zuwa, abu biyu nake zargi. Na farko sauyin sinadaran jiki dab da al'ada, don haka ki riƙa rubuta ranar da ya fito ki gwada da kwanakinki. Na biyu ƙarancin sinadarin ayon (wato ƙarfe, mai ƙara jini), ko bitamin B12, ko folik asid, musamman idan jinin al'adarki yana da yawa, kina kuma fama da kasala ko jiri. Gwajin jini ne kaɗai zai raba gardama, kuma idan aka cike abin da ya yi ƙaranci, gyambon yakan ragu sosai. A wasu mutane ƙalilan, yawan dawowarsa alama ce ta ciwon hanji ko raunin garkuwar jiki, shi ya sa nake so likita ya duba ki ido da ido.

Idan ya fito, ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki riƙa kurkure baki sau uku ko huɗu a rana kina tofarwa. Ki kauce wa yaji da tsami da abinci mai zafi, ki koma buroshi mai laushi. Ruwan kurkure baki na kuloheksidin yana taimakawa, sai dai yana dafar da haƙora idan aka daɗe a kansa. Akwai man shafawa mai kashe raɗaɗi da ake ɗigawa kafin cin abinci, farasitamol ma yana rage zogi, idan kuma abin ya tsananta likita zai rubuta miki man sitiroyid na baki mai rage kumburi. Kada ki kuskura ki ɗora ƙwayar asfirin a kan gyambon, ƙona wurin za ta yi.

Gyambon da ya haura mako uku bai warke ba kuwa, maganarsa daban ce, ko da ba ya ciwo. Idan gefensa ya yi tauri, ko yana zubar da jini, ko kaluluwa ta fito a wuya, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba, domin sankarar baki takan fara a haka, musamman ga masu shan taba ko barasa.