Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Salming mai lamba 21?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi wata rigar gwanjo shuɗiya mai dogon hannu a kasuwar Wunti saboda hunturu. Gabanta akwai hoton farin ganye, a bayanta kuma an rubuta SALMING da lamba 21. 'Yan majalisarmu sun dage cewa ɗan ƙwallon ƙafa ne, amma babu wanda ya iya faɗin kulob ɗinsa. Wane ne shi, kuma ya taɓa cin kofi?
Daga mai karatu a unguwar Jahun, Bauchi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga wani bidiyo a Facebook, 'yan wasa a kan ƙanƙara sun yar da sandunansu suna ta naushin juna, alƙalin wasa na tsaye yana kallo. Don Allah wannan wasa ne ko dambe?
Daga mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Na haɗa wasiƙunku ne domin amsar ɗaya tana cikin ɗayar. Bari in fara da kai, ɗan'uwana na Gombe.

Abin da ka gani hoki ne na ƙanƙara. Mutum shida-shida ake yi har da mai tsaron gida, a zango uku, kowane zango minti 20. Takalminsu yana da siririn ƙarfe mai kaifi a ƙasa, da shi suke sulɓi, kuma maimakon ƙwallo wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri suke bugawa da sanda. A babbar gasar Amurka da Kanada, wato NHL, idan biyu suka kaure da faɗa alƙalai kan jira sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji kafin su raba. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne kowa ya je ya zauna a benci na minti biyar, sannan ya dawo. A gasar ƙasa da ƙasa da wasu gasannin Turai kuwa korar mutum ake yi daga wasan. Filin Turai ma ya fi faɗi, mita 30 ne, na NHL kusan 26, don haka Bature ɗan Turai ya tashi da zilliya da miƙa faifai, ɗan Kanada ya tashi da bangaza.

To, mai riga, a nan mutuminka ya shigo. Sunansa Börje Salming, ɗan ƙasar Suwidin, ɗan baya ne a kulob ɗin Toronto Maple Leafs na Kanada, kuma ganyen da ke ƙirjinka tambarinsu ne. An haife shi a 1951 a Kiruna, garin masu haƙar ƙarfe can ƙuryar arewacin ƙasar. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Sami ne, ya rasu a haɗarin mahaƙa yaron yana da shekara biyar. Salming ya yi suna a kulob ɗin Brynäs, inda suka ci gasar Suwidin a 1971 da 1972. Wani mai farautar 'yan wasa na Toronto, Gerry McNamara, ya je kallon ɗan gabansu Inge Hammarström, sai idonsa ya tsaya a kan wannan dogon ɗan baya da ba ya ja da baya. A 1973 Toronto ta ɗauke su su biyun.

Ba shi ne ɗan Suwidin na farko a NHL ba. Ulf Sterner ya riga shi tun 1965, amma wasa huɗu kacal ya yi wa New York Rangers. A lokacin 'yan Kanada sun riga sun yanke hukunci cewa 'yan Suwidin matsorata ne, a bangaje su sau biyu za su tattara kayansu. Shi kansa mai kulob ɗin Toronto, Harold Ballard, ya taɓa yi wa Hammarström ba'a cewa zai iya shiga turmutsutsun kusurwar fili da ƙwai shida a aljihu ya fito ko ɗaya bai fashe ba. Idan maigidanka ne ke faɗin haka, me kake tsammani daga abokan hamayya? 'Yan Philadelphia Flyers, waɗanda a shekarun nan da ƙarfin tuwo suke cin wasa, su suka fi sa Salming a gaba, da sanda da gwiwar hannu da naushi. Shi ba ɗan dambe ba ne, kuma bai koma ɗan dambe ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙi sauya wasansa: a buge shi ya tashi, ya kwanta ya tare faifan da jikinsa, ya ƙwace ya ja shi har gidan abokan gaba. A ganina wannan ya fi ramuwa wuya, domin mai ramuwa yakan huce a take, shi kuwa haka yake komawa ɗakin sauya kaya da tabo, jibi ya sake fitowa.

Mutanen Toronto ba su makance ba. A gasar Kofin Kanada ta 1976 ya shigo filin Maple Leaf Gardens sanye da rigar Suwidin, ba tasu ba, amma da aka kira sunansa jama'a suka miƙe tsaye suna tafi har aka daɗe ba a ci gaba ba. A 1977 aka sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasa shida na gasar NHL baki ɗaya, kuma sau biyu yana zuwa na biyu a kyautar gwarzon ɗan baya.

Abin da aka fi tunawa da shi ya faru a watan Nuwamban 1986 a Detroit. Ya faɗi a bakin raga cikin cunkoso, sai ƙarfen takalmin Gerard Gallant, ɗan wasan Detroit, ya sauka a fuskarsa bisa kuskure, ya tsaga ta daga goshi, ta gefen hanci, har kusa da baki. Ɗinki sama da 200 aka yi masa. Hoton fuskar yana nan a intanet, amma ban ba ka shawarar ka duba kana cin abinci ba. Ya warke ya koma fili. A shekarar ce kuma aka dakatar da shi wasa takwas bayan ya faɗa wa jarida da bakinsa cewa ya taɓa gwada hodar iblis shekarun baya. Na kawo wannan ne don kada a ce na wanke shi tas.

Kaka 16 ya yi a Toronto, ya ƙara ɗaya a Detroit Red Wings, ya bar NHL a 1990 da wasa 1,148 da ci 150. Sau 620 ya miƙa faifan da aka ci wa Toronto da shi, adadin da ya zama tarihi a kulob ɗin, alhali shi ɗan baya ne. Ya koma gida ya buga wa AIK ta Stockholm, har ya je gasar Olamfik ta 1992 yana da shekara 40. A 1996 ya zama ɗan Suwidin na farko da aka shigar zauren gwarzayen hoki, kuma tun 2016 Toronto ta jingine lamba 21, ba ta ƙara ba kowa. A watan Agustan 2022 ya sanar cewa yana fama da ALS, cutar da ke kashe jijiyoyin motsi. Ya je Toronto a watan Nuwamba, ba ya iya magana, aka karrama shi, ya rasu ran 24 ga watan yana da shekara 71.

Batun kofi kuwa, Kofin Stanley, wanda shi ne babba a NHL, bai taɓa ɗagawa ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, Ballard ya riƙe kulob ɗin riƙon sakainar kashi a shekarun 1980. Ka gaya wa 'yan majalisarku su tuna da Stephen Keshi, wanda zuwansa Beljiyam a 1986 ya sa kulob-kulob ɗin can suka fara neman 'yan Najeriya. Irin aikin da Salming ya yi wa 'yan ƙasarsa ke nan. A 1989 Mats Sundin, ɗan Suwidin, ya zama ɗan Turai na farko da aka fara zaɓa a rabon sababbin 'yan wasa na NHL, daga baya ya zama kyaftin ɗin Toronto. A 2008 Nicklas Lidström, shi ma ɗan Suwidin, ya ɗaga Kofin Stanley a matsayin kyaftin ɗin Detroit. Ita kuwa Toronto, rabonta da kofin tun 1967.