Sarautar tasa ce, gidan kuma na ku duka ne

Tambaya: Barista, ni 'yar Damagaram ce, na auri Bafaranshe ɗan tsohon gidan sarauta, muna da 'ya ɗaya. Ya rasu a Faransa, bai bar wasiyya ba. Babban ɗansa na matar fari ya ce a al'adarsu ɗan fari ke gadon sarautar kwant (wani tsohon laƙabin sarauta a Faransa) da tsohon gidan kakanni, mace ba ta da komai. Haka ne?

Amsa: Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. A maganar sarauta yana da gaskiya, a maganar gida ba shi da ita.

Al'adar da yake kafa hujja da ita tsohuwa ce. A zamanin da, ɗan fari ke ɗaukar gidan sarauta da kaso mafi tsoka na ƙasar uba. Amma ko a lokacin ba a ce mace ba ta gado ba. Alienor ta gaji ƙasar Akitan, wani babban yanki a Faransa, sukutum a 1137. Mahaut ta karɓi yankin Artuwa bayan rasuwar mahaifinta a 1302, ɗan ɗan'uwanta Robert ya sha kai ƙara bai yi nasara ba. Gadon mulkin Faransa ne aka hana mata, tun daga 1316 da aka tsallake 'yar Sarki Luwi na 10 aka naɗa ƙanensa. Kuma duk wannan fifikon ya rushe da juyin juya halin 1789.

Abin da ya saura shi ne laƙabin kawai. Doka tana ɗaukarsa a matsayin abin da ke manne da suna, ana gadonsa bisa sharaɗin takardar sarkin da ya bayar, galibi namiji ɗan fari, kuma Ma'aikatar Shari'a ce ke tantancewa. Kada ki ɓata kuɗinki a kansa, ba ya zuwa da ko taku ɗaya na fili.

Dukiya kuwa dokar farar hula ce ke raba ta. Sashe na 735 ya ce 'ya'ya suna gado daidai wa daida, ba ruwan doka da namiji ko mace, babba ko ƙarami, ko ɗakin da aka haife su. Tunda akwai ɗan wata matar, sashe na 757 ya ba ki kashi ɗaya cikin huɗu, yaran biyu su raba sauran. Idan a gidan kuke zaune lokacin rasuwar, kina da damar zama shekara guda kyauta.

Inda nake jin tsoro shi ne takardar aure. Idan a Nijar aka ɗaura, ki tabbata an rubuta shi a rajistar Faransa ta ofishin jakadancinsu. Idan kuma a Faransa aka ɗaura a masallaci kawai ba a je meri (ofishin magajin gari) ba, doka ba ta san ki a matsayin mata ba, kasonki ya tafi. Na 'yarki yana nan daram muddin sunan mahaifinta na kan takardar haihuwarta.

Ki je wurin noter, jami'in da ke rabon gado, da takardun nan biyu. Kina iya ɗaukar naki daban, ba dole sai na danginsu ba. Akwai wa'adin wata shida daga ranar rasuwa na kai bayanin gado ofishin haraji. Kada ki sa hannu a wata takardar yafe gado, kuma in 'yar ba ta kai shekara 18 ba, ke kanki ba ki da ikon yafe kasonta sai da izinin alƙali. In yayan nata yana son gidan ya zauna a hannunsa, hanya a buɗe take: a yi wa gidan kuɗi, ya biya ku naku. In ya ƙi, kotu na iya ba da umarnin a raba ko a sayar.