Ta ina ɗalibai za su fara da kundin tsarin mulki?

Malama, na ga tambayarki: ɗalibanki sun buɗe kundin tsarin mulki, sun ga sassa birjik, sun rasa ta inda za su kama.

Ki fara tabbatar da cewa kwafin da ke hannunsu yana ɗauke da gyare-gyaren baya-bayan nan. Nan ake yawan tuntuɓe. Na Amurka an rubuta shi a 1787, amma an yi masa gyara 27. Wanda ya tsaya kan asalin ba zai ga 'yancin faɗar albarkacin baki ba, domin a gyara na farko yake, na 1791.

Kada su ɗauko shi daga farko zuwa ƙarshe, barci zai kwashe su. Ki ba su tambaya guda: wa ke da ikon tsige shugaban ƙasa? Su nemo sashen, su kwafe shi da hannu, sannan su faɗa da bakinsu. Ni na fi matsa wa nawa kan 'yan kalmomi irin "sai dai" da "bisa sharaɗin", don abin da sashe ya bayar, sau da yawa wani sashen ne ke zaftare shi. A kundin Najeriya na 1999, Babi na 2 ya yi maganar ilimi kyauta, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke babin, saɓanin haƙƙoƙin Babi na 4.

Idan suka fara gardama kan ma'anar wani sashe, ki gayyato lauya ko malamin shari'a ya nuna musu yadda kotuna suka fassara shi.