Tambaya da Amsa: Idan Allah ne ke kafa takun mai adalci, me ya sa yake faɗuwa?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, ya kai shekara 20 yana wannan sana'a, kuma duk wanda ya yi hulɗa da shi ya shaida cewa ba ya tauye mudu, ba ya algus. A hunturun bara gobara ta cinye masa sito, waɗanda suka karɓi kaya bashi kuma suka ƙi biya, har ya kai ga karayar arziki. Lokacin da muke karɓar jaje, wani dattijo daga majami'armu ya karanta mana Zabura 37:23, ya ce ayar ta nuna cewa Allah ne ke bi da takun mutumin kirki, don haka maigidana ya binciki kansa, domin da yana kan daidai da hakan ba ta same shi ba. Tun daga ranar ba ya samun barci. Ina roƙon ka bayyana mana abin da ayar ta ce a asalin harshen Ibrananci. Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya mayar muku da alheri, ya kuma sanyaya zuciyar maigidanki. Ina ganin dattijon nan ya yi nufin nasiha, amma ya tsaya a tsakiyar magana, domin aya ta 23 da ta 24 ɗango ɗaya ne, kuma a rabi na biyun ne amsar tambayarki take.

Zabura ta 37 waƙa ce mai ayoyi 40, wadda aka jera bisa haruffan Ibrananci, kowane harafi da nasa ɗangon, galibi ayoyi biyu-biyu, domin a samu sauƙin haddacewa. Ɗangon harafin mim shi ne aya ta 23 da ta 24, kuma ga yadda ake furta shi: "Me'Adonai mits'ade geber konanu, wedarko yehpats. Ki yippol lo yutal, ki Adonai somek yado." Idan aka bi shi kalma bayan kalma, ma'anarsa ita ce: "Daga Ubangiji ne aka kafa takun mutum, kuma yana jin daɗin hanyarsa. Ko ya faɗi ba za a yi jifa da shi ba, gama Ubangiji yana tallafe da hannunsa."

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne babu kalmar "mai adalci" ko "na kirki" a aya ta 23. Mai adalci a Ibrananci shi ne tsaddik, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da siddiku da sadaka na Larabci, kuma mawaƙin ya yi amfani da ita sau da dama a wannan zabura, amma a nan geber ya ce. Fassarar Girkanci da Yahudawa suka yi kafin haihuwar Almasihu ta ce "mutum" kawai. Fassarar Turanci ta Sarki Jems ta 1611 ta ƙara sifar "na kirki", kuma a bugunta ana rubuta wannan kalma da karkatattun haruffa domin a nuna cewa ƙarin masu fassara ce. Ƙarin nasu yana da hujja, kamar yadda za mu gani, sai dai ya kamata mai karatu ya san inda nassi ya tsaya da inda fassara ta fara.

Geber na nufin namiji a cikin ƙarfinsa. Tushensa ɗaya da Jabbaru na Larabci, shi ne kuma ke cikin sunan mala'ika Jibrilu. Saboda wannan ne malamin Yahudawan nan Rashi, wanda ya rayu a birnin Turwa na Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya fassara shi da wanda ya yi ƙarfi a cikin tsoron Allah. Amma ki duba su wane ne suka kira kansu geber a wasu wurare. A Makoki 3:1, wanda ya ga rushewar Urushalima ya ce, "Ni ne geber ɗin da ya ga wahala." Ayuba, wanda littafinsa ya buɗe da shaidar cewa shi marar aibu ne mai tsoron Allah, ya kira kansa geber wanda hanyarsa ta ɓuya, a sura ta 3 aya ta 23, bayan dukiyarsa da 'ya'yansa da lafiyarsa sun tafi. Kalmomin nan biyu, geber da hanya, su ne dai na ayarmu. Abokan Ayuba ma sun zo jaje, suka ce masa ya binciki kansa, kuma a sura ta 42 aya ta 7 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Duk mai niyyar faɗa wa wanda masifa ta auka wa irin wannan magana ya kamata ya fara karanta waccan ayar.

Kalmar konanu, wadda na fassara da "aka kafa", ta fito daga tushen da ke nufin tsayar da abu daram. Ɗaya daga ginshiƙan tagulla biyu da Sulaimanu ya tsayar a shirayin Haikali sunansa Yakin, wato "zai kafa", daga wannan tushe. A Zabura 40:2 mawaƙi ya ce Allah ya fito da shi daga rami mai laka, ya ɗora ƙafafunsa a kan dutse, ya kafa takunsa, kuma da wannan kalma ya faɗe shi. Ki lura cewa mutumin da aka kafa wa taku a can daga cikin laka aka ciro shi. Saboda haka hoton da ke cikin kalmar na tafin ƙafa ne da ya samu wurin takawa a ƙasa mai santsi, kuma babu inda ta ce za a share wa matafiyi hanya ta zama babu rami babu dutse.

Rabin ayar na biyu, "yana jin daɗin hanyarsa", yana karɓar karatu biyu a nahawun Ibrananci, domin ana iya fahimtar cewa Allah ne ke jin daɗin hanyar mutumin, ana kuma iya fahimtar cewa mutumin ne ke jin daɗin hanyar Allah, kuma masu fassara sun rabu a kan haka. Ni na fi karkata ga na farko, saboda aya ta 22 ta riga ta yi maganar waɗanda Allah ya sa wa albarka. Ko wanne aka ɗauka, mutumin da ake magana a kansa yana cikin yardar Allah, kuma a kansa ne aya ta gaba ta ce ki yippol, "ko ya faɗi" ko "sa'ad da ya faɗi". Wanda aka kafa wa taku da wanda ya faɗi mutum ɗaya ne. A nan ne hujjar dattijon ta karye, domin ya mai da faɗuwa shaidar cewa Allah ya janye, alhali nassin ya ambaci faɗuwar a tsakiyar alkawarin.

Wace irin faɗuwa ce? Aya ta 14 ta ce mugaye sun zare takobi, sun ja baka, domin su kayar da matalauci da mabukaci, kuma kalmar "kayar" a can tushenta ɗaya da "faɗi" na aya ta 24. Aya ta 21, wadda ke gab da ɗangonmu, ta ce mugu yakan ci bashi ya ƙi biya, mai adalci kuwa yana jinƙai yana bayarwa. Wannan shi ne abin da kika ce ya sami maigidanki, kuma zaburar ta ɗora laifin a kan wanda ya ƙi biya. Karin Magana 24:16 ta ƙara fito da batun fili, inda ta ce mai adalci yakan faɗi sau bakwai ya tashi, a can kuwa tsaddik ɗin aka ambata da sunansa.

Abin da aka yi alkawarinsa shi ne lo yutal. Wannan fi'ili na jifa ne da ƙarfi, irin jifan da ake yi da abin da aka fid da rai da shi. Shi aka yi amfani da shi a labarin Yunusa, inda matuƙan jirgi suka yi ta jefa kayansu a teku domin jirgin ya yi sauƙi, daga bisani suka jefa Yunusa kansa. Shi ne kuma aka yi amfani da shi lokacin da Saul ya jefi Dauda da mashi. Mai faɗuwa yana iya kurje gwiwa, yana iya rasa jarin shekara 20, amma ba a yi wurgi da shi kamar kayan da aka yar a ruwa ba. Dalilin yana cikin kalmomin ƙarshe, somek yado, "yana tallafe da hannunsa", kuma sigar fi'ilin tana nuna aikin da ke ci gaba. Duk uwar da ta taɓa riƙe hannun yaro yana tatata ta san wannan: ƙafar yaron takan zame, gwiwarsa ta taɓa ƙasa, amma hannunsa yana cikin nata. Wannan kalma ta somek ita ce ta zo a aya ta 17, inda aka ce Ubangiji yana tallafar masu adalci, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu fassarar da suka ce geber na aya ta 23 mai adalci ne.

Yadda Yahudawan dā suka karanta ayar yana ƙarfafa wannan fahimta. A cikin rubuce-rubucen da aka samo a kogo na 4 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, kogon da aka gano a 1952, akwai wani sharhi na Zabura ta 37 da ya kai kimanin shekara 2000. Marubucinsa ya ce ayoyin nan biyu suna magana ne a kan jagoran jama'arsu, wanda suke kira Malamin Adalci, kuma sharhin ya ambaci wani Mugun Firist da ya yi fakon wannan malami domin ya kashe shi. Wato sun ga ayar ta dace da mutumin da ake farauta. A cikin Talmud kuwa, wato babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, a sashen Hullin, malami Hanina ya kafa hujja da ita cewa ba wanda zai buge ko da yatsansa a nan ƙasa sai an zartar da hakan a sama, sannan ya haɗa ta da Karin Magana 20:24, wadda ta fara da kalmomi iri ɗaya ta kuma ƙare da tambaya: ta yaya ɗan Adam zai fahimci hanyarsa? Idan mai tafiyar kansa bai gama fahimtar hanyarsa ba, yaya wanda ya zo jaje zai yanke hukunci a kanta? Har yau Yahudawa masu ibada suna yin wata addu'a kowace safiya, wadda aka ambata a sashen Berakot na Talmud, suna yabon Allah "mai kafa takun mutum", kuma mai arziki da wanda ya wayi gari babu komai duk lafazi ɗaya suke furtawa.

Ba zan ɓoye miki aya ta 25 ba, domin wataƙila ita za a kawo muku nan gaba: "Na yi ƙuruciya, ga shi na tsufa, ban taɓa ganin an yashe mai adalci ba, ko zuriyarsa suna roƙon abinci." Wannan shaidar mawaƙin ce a tsufansa a kan abin da idonsa ya gani, kuma Zabura ta 73 ta kawo shaidar wani wanda ya ce saura kaɗan ƙafafunsa su zame da ya ga mugaye suna cikin wadata. Yahudawa suna karanta aya ta 25 a ƙarshen addu'ar godiya bayan cin abinci, wasunsu kuma sukan sassauta murya idan sun zo kanta, dalilin da aka fi bayarwa shi ne kada a sosa zuciyar matalaucin da ke zaune a wurin. Wannan ladabi yana burge ni ƙwarai, kuma shi nake fata a gani a wurin jaje. Ita kanta zaburar ba ta ce mai adalci zai fi kowa dukiya ba, tun da aya ta 16 ta ce ɗan abin da mai adalci yake da shi ya fi yalwar mugaye masu yawa. Sau 3 ta ce kada a ƙona rai, sau 5 kuma ta yi maganar gādon ƙasa, wanda abu ne da ake jira. Masu karatunmu Kirista za su tuna da Matiyu 5:5, Musulmi kuma za su tuna da aya ta 105 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce an rubuta a cikin Zabura cewa bayin Allah salihai ne za su gaji ƙasa.

Shawarata, 'yar'uwa, ku zauna da maigidanki ku karanta zaburar daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, ku dakata a aya ta 17, ta 21 da ta 24. Binciken kai abu ne mai kyau ga kowane bawan Allah a kowace rana, amma gobara da bashin da aka ƙi biya ba su zama hujja a kansa ba. Bayan haka ku sami dattijon cikin girmamawa, a keɓe, ku roƙe shi ya karanta tare da ku har zuwa aya ta 26, wadda ta ce mai adalci kullum yana jinƙai yana ba da rance. Idan akwai masu hali a majami'arku, ku nemi shi da kansa ya kai musu maganar haɗa wa maigidanki ɗan jarin da zai koma kasuwa da shi kafin kaka ta shigo.