Idan kamfanin jirgi mai araha ya sayi abokin gogayyarsa, tikiti zai sauka?

Malam, ka tambaya ko kuɗin tikiti zai ragu idan kamfanin jiragen sama mai araha ya sayi abokin gogayyarsa. Gaskiya kada ka sa rai sosai.

A 2011 Southwest, kamfanin jirgi mai araha na Amurka, ta kammala sayen abokiyar gogayyarta AirTran kan kusan dala biliyan 1.4. Fasinjoji sun ɗan ci riba, domin a lokacin Southwest ba ta karɓar kuɗi kan jakunkuna biyu na farko. Amma an cire kujerun alfarma na gaba, jiragen Boeing 717 aka ba Delta haya, wasu ƙananan garuruwan da AirTran ke sauka kuma aka daina zuwa. Mutumin irin wannan gari shi ya fi ba ni tausayi: ko ya hau mota zuwa wani filin jirgi, ko ya biya duk abin da kamfanin da ya rage ya yanka masa.

Gogayya ce ke danne farashi, shi ya sa a 2024 wani alƙali a Boston ya hana kamfanin jirgin JetBlue sayen abokin gogayyarsa mai araha, Spirit. Ka duba hanyar da ka saba bi. Idan kamfanin da zai saya da wanda za a saya kaɗai ke yinta, tikiti zai iya tashi.