Farfesun kaza: amfanin yana romo ne ko tsoka?

Wata mai jego daga Zariya ta rubuto: "Likita, kwanana goma da haihuwa. Kullum surukata sai ta yi min farfesun kaza, ta ce romon ne ke mayar da jini. Romon nake sha, naman in bar wa yara."

Allah ya raya, Hajiya. Ki gode wa surukarki, amma ki daina rabar da naman. Abin da ke gina jiki a tsokar yake: giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza na ɗauke da furotin kimanin giram 30, kaɗan ne kuma ke sauka cikin romo. Romo yawancinsa ruwa ne da kitse da gishiri. Batun jini kuwa, kaza ba ta kai naman sa ko hanta sinadarin ƙarfe ba, don haka kada ki ajiye maganin ƙarin jinin da aka ba ki a asibiti. In tsohuwar kazar Hausa ce mai tauri, a rufe tukunya, a rage wuta, a ba ta lokaci, kada a jefa kanwa. A nan Zariya likitoci suka daɗe da danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Wani magidanci daga Maraɗi ya ce yana da hawan jini, ko ya haƙura da farfesu?

A'a, Alhaji, kazar ba ta yi maka laifi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, ga shi dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Na sha ganin an marmasa huɗu a tukunya ɗaya, sannan a bi da gishiri. A sa ɗaya, a cike da daddawa, citta, tafarnuwa, masoro da kimba. A cire fatar kafin a ɗora, a kwashe man da ya taso sama.

Wata ɗaliba kuma ta tambaya ko farfesu na maganin mura.

Ba ya kashe ƙwayar cutar. Zafinsa da yajinsa dai na buɗe hanci, ya kuma mayar miki da ruwan jiki. Ki sha abinki. In kuwa da zazzaɓi, ki je a gwada jininki, kada maleriya ce.